Tazarar Yadi Biyar: Dokar Bugun Buɗe Wasa da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Ƙwallon Amurka

Gabatarwa

A ranar 11 ga watan Fabrairu na shekarar 2024 aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, wato Super Bowl, a birnin Las Vegas, tsakanin ƙungiyar Kansas City da ta San Francisco. A cikin wannan wasa an yi bugun buɗe wasa har sau 13, amma ko sau ɗaya ba a sami ɗan wasan da ya cafe ƙwallo ya rugo da ita ba. Kowane karo sai mai bugu ya ɗaga ta ta faɗa can bayan layin gida, alƙali ya busa usur, a ɗauko ta a ajiye a kan layin yadi 25. Bugun da a dā yake sa 'yan kallo su miƙe tsaye ya zama al'adar da ake yi don cika ƙa'ida kawai. Bayan makonni shida, a cikin watan Maris, masu ƙungiyoyi 32 da ke ƙarƙashin hukumar NFL suka zauna, suka jefa ƙuri'a, 29 suka amince, 3 suka ƙi, aka sauya fasalin wannan bugu baki ɗaya.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin kimiyya da dokar wasan da ba kasafai ake buga shi a ƙasashen Afirka ba. Amsar ita ce, da wuya a sami wani wuri da ilmin halittu da na lissafin motsi da aikin alƙalanci suka haɗu a fili ɗaya kamar yadda suka haɗu a nan. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne: gyaran da aka yi a shekarar 2024 daidai ne, domin ya taɓa tushen cutar, wato gudu, kuma ya zo da tsarin da idon alƙali zai iya bi. Sai dai gyaran bai kai ya sa a yi barci ba, kamar yadda za a gani a gaba.

Mene ne Bugun Tazara?

Filin wannan wasa yana da tsawon yadi 100 tsakanin layin gida da layin gida, da ƙarin yadi goma-goma a kowane ƙarshe, inda ake kai ƙwallo a ci maki. Faɗinsa yadi 53 da sulusi. Yadi ɗaya kuwa ya ɗan gaza mita ɗaya. Ana lissafin layuka daga kowane gida zuwa tsakiya, inda layin 50 yake. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili.

Yawancin wasan ana yin sa ne gaba da gaba: sahu biyu su durƙusa suna fuskantar juna, tsakaninsu bai wuce tsawon ƙwallo ba, su yi karo da zarar an motsa ta. Bugun tazara ya sha bamban da wannan. A nan ana raba ƙungiyoyin biyu da tazarar yadi 10, kuma ba a yarda kowa ya tare mai bugu ba. Mafi shahara daga cikin irinsa shi ne bugun buɗe wasa, wanda ake yi a farkon wasa, da bayan hutun rabin lokaci, da kuma bayan an ci maki. Akwai kuma wanda ƙungiya take yi daga layinta na yadi 20 idan aka kayar da ɗan wasanta riƙe da ƙwallo a cikin gidansu, aka ba abokan hamayya maki 2.

A tsohon tsari, wanda jami'o'i da makarantun sakandare na Amurka suka ci gaba da bi bayan NFL ta bar shi, dokokin da alƙali yake tsarewa su ne kamar haka. Na farko, kada wani daga cikin masu bugu ya ƙetare layinsu kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo. Na biyu, kada masu karɓa su shigo cikin tazarar yadi goman nan. Na uku, masu bugu ba su da ikon taɓa ƙwallo sai ta yi tafiyar yadi 10, in ba wani daga masu karɓa ne ya riga ya taɓa ta ba. Da zarar ta cika yadi goman, ta zama ta mai rabo, wanda duk ya danne ta ƙungiyarsa ce ke da ita. Daga nan ne dabarar gajeren bugu ta samo asali, inda mai bugu yake gangara ƙwallo kaɗan don 'yan uwansa su ƙwace. Na huɗu, idan ƙwallo ta fita ta gefen fili ba wanda ya taɓa ta, laifi ne a kan masu bugu. Na biyar, idan ta faɗa cikin gidan masu karɓa, suna da zaɓin su durƙusa da ita, a ba su ita a wani layi da doka ta yanke, ba tare da an yi karo ba. Agogon wasa kuwa ba ya fara tafiya sai an taɓa ƙwallo a cikin fili bisa ƙa'ida.

Aikin Alƙalai da Iyakar Idon Ɗan Adam

Wasan NFL alƙalai 7 ne suke kula da shi a fili, manyan jami'o'i suna amfani da 7 ko 8, makarantun sakandare kuwa sau da yawa 5. Babbansu ana gane shi da farar hula. A lokacin bugun buɗe wasa, tsarin da aka saba bi a jami'o'i idan alƙalai bakwai ne shi ne: biyu su tsaya a gefe da gefe a kan layin masu bugu, biyu a kan layin masu karɓa, uku kuma can wajen layin gida, babban alƙali a tsakiya, sauran biyun a kusurwoyi. Ɗaya daga cikinsu shi ke miƙa wa mai bugu ƙwallo. Kowane alƙali sai ya ƙirga 'yan wasan ɓangaren da aka ɗora masa, ya tabbata 11 ne, ya duba gefen fili babu kowa a hanya, sa'an nan ya ɗaga hannu sama. Sai babban alƙali ya ga hannun kowa, kana ya busa usur.

Kowannensu yana ɗauke da abubuwa biyu ban da usur. Akwai ƙyalle ruwan ɗorawa mai ɗan nauyi a ƙulle, wanda yake jefawa idan ya ga laifi. Akwai kuma 'yar ƙaramar jaka da yake yarwa don ta nuna wuri, misali daidai inda masu bugu suka taɓa ƙwallo kafin ta cika yadi goma. Hikimar wannan jaka ita ce, ba a dogara ga tunanin mutum bayan an yi ta turmutsutsu. An san zai manta, don haka aka ba shi abin da zai riƙe masa wurin.

Darasi na farko da ake koya wa sabon alƙali shi ne kada ya bi ƙwallo da ido. Wannan umurni yana da wuyar bi, amma ilmin halittu yana bayan sa. A cikin tantanin da ke bayan ido akwai wani ɗan gurbi da ake kira fobiya, wanda shi kaɗai ne yake gani tar-tar. Faɗin abin da yake ɗauka bai wuce digiri 2 ba, wato misalin faɗin babban yatsa idan mutum ya miƙe hannunsa gaba. Duk abin da ke wajen wannan, ido yana jin motsinsa ne kawai, ba ya tantance shi. Saboda haka idan alƙalai bakwai duk suka ɗaga kai suna kallon ƙwallo a sama, to mutum 22 suna ƙasa suna yin abin da suka ga dama. Shi ya sa ake raba wa kowane alƙali nasa 'yan wasan da nasa yanki tun kafin a busa usur.

Har ila yau, ba ido kaɗai ke da iyaka ba, hankali ma yana da tasa. A shekarar 1999 masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka yi wani gwaji a Jami'ar Harvard. Sun nuna wa mutane hoton majigi na wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka jefa. Ana cikin haka sai wani ya ratsa ta tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. Alƙalin da ya duƙufa yana lissafin ko ƙwallo ta cika yadi goma, haka nan zai kasa ganin wanda aka bankaɗe ta baya a gabansa. Daɗin daɗawa, a shekarar 2000 wasu masu bincike na ƙasar Holan, ƙarƙashin Raoul Oudejans, sun nuna a mujallar Nature cewa yawancin kurakuran da mataimakan alƙali suke yi wajen ɗaga tutar satar gida a ƙwallon ƙafa suna da nasaba da inda suke tsaye. Idan mutum bai daidaita da layin da yake dubawa ba, kusurwar gani tana yaudararsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa alƙalin bugun tazara yake dasa ƙafarsa a kan layin kansa.

Abin da za a ɗauka daga nan shi ne, dokar da ido ba zai iya tsarewa ba, sunanta doka a takarda kurum. Duk mai son gyara wasa dole ya yi la'akari da wannan.

Abin da Gudu Yake Yi wa Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kimanin kilo 1.3 zuwa 1.4, kuma taushinta ya wuce yadda mutane da yawa suke zato. Tana zaune ne a cikin wani ruwa da ke tsakaninta da ƙoƙon kai, wanda ke kare ta daga 'yan girgize-girgizen yau da kullum. Amma idan kai yana tafe da gudu ya tsaya farat ɗaya, ko aka fizge shi ya juya, ƙoƙon ne yake fara tsayawa, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta ci gaba da tafiya na ɗan ƙiftawar ido, ta murɗe, ta matsu. Ƙwayoyin jijiya suna da dogayen zarurruka masu kai saƙo daga sashe zuwa sashe. Idan aka ja waɗannan zarurruka fiye da kima, sai sinadaran da ke ciki da wajensu su cakuɗe, ƙwayar ta shiga neman ƙarfin da za ta maido da tsari a daidai lokacin da jinin da ke zuwa mata ya ragu. Wannan shi ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Alamunta sun haɗa da jiri, da ciwon kai, da ruɗewa, da mantuwa, da amai, kuma mafi yawan waɗanda abin ya sama ba sa suma.

To, ina amfanin hular kwano? Amfaninta babba ne, domin tana hana ƙoƙon kai fashewa, tana kuma ɗan tsawaita lokacin da kai yake ɗauka kafin ya tsaya. Amma babu hular da za ta shiga cikin kai ta riƙe ƙwaƙwalwa. Idan aka sa ƙwai a cikin gwangwani mai ƙarfi aka girgiza, gwangwanin zai fita lafiya, ƙwan kuwa sai yadda hali ya yi.

A nan ne lissafi yake shigowa. Ɗaliban fiziks sun san cewa ƙarfin motsin abu shi ne rabin nauyinsa sau saurinsa sau saurinsa kuma. A ɗauki misalin ɗan wasa mai kilo 100. Idan yana gudun mita 9 a daƙiƙa, ƙarfin motsinsa jul 4,050 ne. Idan aka rage gudun ya koma rabi, wato mita 4.5 a daƙiƙa, ƙarfin zai koma kusan jul 1,012. Ke nan rage gudu da rabi yana rage ƙarfin karo zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. Ba wanda zai iya rage nauyin 'yan wasa da doka, amma ana iya rage gudunsu, kuma hanyar ita ce a rage filin da suke da shi na ɗaukar gudu. A tsohon tsari, mutum goma suna sheƙowa yadi talatin ko arba'in kafin su haɗu da waɗanda suka juyo suna jiran su. Babu wani lokaci a cikin wasan da jiki yake haɗuwa da jiki da irin wannan sauri.

Shaidar abin ba ta tsaya a kan allo ba. A shekarar 2007 Kevin Everett na ƙungiyar Buffalo ya sami mummunan rauni a ƙashin wuya a lokacin bugun buɗe wasa, ko da yake daga baya ya sake takawa da ƙafarsa. A shekarar 2010 Eric LeGrand, ɗalibi a Jami'ar Rutgers, ya sami rauni a laka a irin wannan bugu, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. A shekarar 2018 hukumar NFL da kanta ta bayyana cewa yiwuwar samun girgizar ƙwaƙwalwa a bugun buɗe wasa ta ninka ta sauran wasa sau biyar.

Magani Iri Biyu

Tun ba yau ba wannan bugu yake jawo gyaran doka. A shekarar 1892 'yan wasan Harvard suka ɓullo da wata dabara a karawarsu da Yale: suka jeru kamar kan mashi, mai ƙwallo a tsakiya, suka rugo suka afka wa mutum ɗaya. Bayan shekara biyu aka haramta ta. A shekarar 1905, da mace-macen 'yan wasa suka yi yawa, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, kuma a shekarar da ta biyo aka yi manyan gyare-gyare. Wato masu cewa a bar wasa yadda kakanni suka bar shi sun manta cewa kakannin ma gyara suka yi ta yi.

A wannan zamani, maganin farko da aka gwada shi ne a rage yawan lokutan da ake rugowa da ƙwallo. A shekarar 2011 NFL ta matsar da wurin bugu daga layin 30 zuwa na 35, don ƙwallo ta riƙa faɗawa cikin gida. A 2016 ta ƙara wa mai durƙusawa lada, aka riƙa ba shi ƙwallo a layin 25 maimakon 20. A 2018 ta hana masu bugu ɗaukar gudu kafin a buga, ta kuma hana masu karɓa haɗa kafaɗa su yi katanga.

Mafi kyawun shaida a kan wannan hanya ta fito ne daga gamayyar jami'o'i takwas da ake kira Ivy League. A shekarar 2015 an lura cewa bugun buɗe wasa kashi 6 cikin 100 ne kacal na wasanninsu, amma shi ya haddasa kashi 21 cikin 100 na girgizar ƙwaƙwalwa. A 2016 suka matsar da wurin bugu zuwa layin 40. Binciken da Douglas Wiebe da abokan aikinsa suka buga a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a 2018 ya nuna cewa girgizar ta sauko daga kusan 11 a cikin kowane bugu 1,000 zuwa 2. Wannan nasara ce, kuma misali ne mai kyau na yadda ake gwada doka kamar yadda ake gwada magani: a auna kafin, a sauya abu, a sake aunawa.

Amma wannan magani yana da aibi. Bai sa rugowar ta zama mai sauƙi ba, ya dai sa ta yi ƙaranci. Duk ranar da aka rugo, haɗarin yana nan daram. A kakar 2023 kashi 22 cikin 100 ne kawai na bugun NFL aka rugo da su, mafi ƙaranci a tarihin gasar. An kashe maciji ba a sare kansa ba, an kuma kashe wasan tare da shi.

Magani na biyu shi ne na 2024, wanda aka aro daga wata ƙaramar gasa mai suna XFL da ta fara gwada shi a 2020. A wannan tsari mai bugu yana nan a layinsa na 35, amma 'yan uwansa goma an kai su can gaba, suna tsaye a layin 40 na abokan hamayya. Aƙalla mutum 9 na masu karɓa suna tsaye tsakanin layinsu na 35 da na 30. Tazarar da ke tsakanin sahun biyu ta koma yadi 5. Mutum ɗaya ko biyu suna can baya a yankin sauka, wato daga layin gida zuwa layin 20. Ba wanda zai motsa daga sahun biyu sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko ta taɓa mai karɓa. Idan ta gaza kai wa yankin sauka, ko ta fita ta gefe, a ba masu karɓa ita a layin 40. Idan ta tashi kai tsaye ta faɗa gida, a 2024 ana ba su a layin 30, a 2025 kuma aka mai da shi 35, don mai bugu ya ji zafin yin haka. Rugowa ta tashi zuwa kusan kashi 33 cikin 100 a 2024, ta kuma haura kashi biyu bisa uku a 2025. Hukumar ta ce a 2024 yawan girgizar ƙwaƙwalwa a kowane bugu ya ragu da kashi 43 cikin 100 idan aka kwatanta da shekaru ukun da suka gabata.

Ta fuskar alƙalanci ma tsarin ya fi dacewa da halittar ido. Mutanen da ke tsaye cik a kan layi sun fi sauƙin dubawa, domin gefen ido ya ƙware wajen jin motsi a inda babu motsi. Karon kuma yana faruwa a wuri ɗaya da aka sani tun farko, a gaban alƙalan da ke tsaye a wurin, maimakon ya warwatsu a faɗin fili alƙalai suna bin sa da gudu.

Hujjojin Masu Suka

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan gyara ba. Har shugaban Amurka Donald Trump ya sha sukar sa a bainar jama'a. Wasu sun ce ganin mutum 19 ko 20 a tsaye kamar gumaka alhali ƙwallo tana sama ya ɓata kyan wasa. Wannan magana ce ta sabo, kuma sabo yana canzawa. Amma akwai suka guda uku da suka cancanci a saurare su.

Na farko, an yi asarar mamaya. A sabon tsari dole ƙungiya ta sanar da alƙali cewa za ta yi gajeren bugu, kuma a kakar 2024 da ta 2025 sai wadda ake ci ce ke da wannan dama. A wasan Super Bowl na Fabrairun 2010, ƙungiyar New Orleans ta buɗe zagaye na biyu da gajeren bugun ba-zata, ta ƙwace ƙwallo daga hannun Indianapolis, ta kuma ci kofin. Sabon tsari ya rufe ƙofar irin wannan. Asara ce ta gaskiya, sai dai idan aka ɗora ta a ma'auni ɗaya da lakar matashi, an san wadda za ta rinjaya.

Na biyu, akwai bambanci tsakanin yawan rauni a kowane bugu da jimillar raunuka a kaka. Idan haɗarin kowace rugowa ya ragu da rabi, amma yawan rugowar ya ninka sau uku, to jimillar waɗanda za su ji rauni ƙaruwa za ta yi. Lissafi ne mai sauƙi: rabi sau uku ɗaya da rabi ne. Don haka bai kamata a wadatu da adadi ɗaya da hukuma ta zaɓa ta faɗa ba, balle hukumar da ita ce mai sayar da wasan. A tuna cewa a shekarar 2002 wani likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra wanda ya taɓa aiki a Jos, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh, ya gano cutar da ake kira CTE, inda wani furotin mai suna tau yake taruwa ya lalata ƙwayoyin jijiya. Da ya buga sakamakon a 2005, likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye shi. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wajibi ne a buɗe alƙaluman ga masu bincike masu zaman kansu, kamar yadda jami'o'in Ivy suka yi.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne cewa Webster ba a bugun buɗe wasa ya sami cutarsa ba. Shi ɗan tsakiyar sahu ne, aikinsa gwabza kai da kai sau da dama a kowane wasa, shekara da shekaru. Masana suna danganta CTE da tarin ƙananan bugu da ba sa nuna wata alama nan take. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston sun sami cutar a ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL. Ɗalibi mai lura zai gane cewa wannan adadi ba ya wakiltar dukkan 'yan wasa, domin iyalan da suka ga alamun cuta su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamatansu. Duk da haka ya isa ya nuna cewa gyaran bugu ɗaya bai kawar da matsalar ba. Amma wannan hujja ce ta a ƙara gyara, domin ba a fasa ɗaure karaya don majinyaci yana da wani ciwon.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa hukunta mai laifi bayan karo ba ya maido da ƙwayar jijiyar da ta tsinke. Ƙyallen alƙali yana faɗuwa ne bayan ɓarna ta auku. Abin da ya fi shi ne a tsara wurin tsayuwar kowa tun kafin usur, ta yadda mummunan karon ba zai sami filin faruwa ba. Rigakafi ya fi magani. A gefe guda kuma, tun daga 2015 NFL ta ba wani ma'aikacin lafiya da ke zaune a sama ikon ya sa alƙali ya tsai da wasa idan ya hango ɗan wasa yana tangaɗi, wato an yarda cewa idanu bakwai na ƙasa ba su isa ba.

Darasin bai tsaya a Amurka ba, domin ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce a ko'ina. Binciken da aka yi a Jami'ar Glasgow a 2019 ya nuna cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa na Sukotlan sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa, kuma a 2024 masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince a riƙa ba da ƙarin canji idan ana zaton ɗan wasa ya sami girgiza. Malamin wasanni da ke riƙe da usur a filin makaranta ba ya da na'urar ɗaukar hoto, ba ya kuma da likita a gefe, amma yana da ikon da ya fi kowane: ya tsai da wasa. Yaron da ya gwara kai da ɗan uwansa, ya tashi yana layi ko yana tambayar ci nawa ne, a fitar da shi, kada ya koma fili a wannan rana ko da ya rantse ya warke, kuma a kai shi ga ma'aikacin lafiya.